Mijin Dokta Tun Kafin Jarrabawa

Zuwa ga Hajiya Luba, mai filin shawarwari.

Assalamu alaikum. Hajiya, ki agaza mani don girman Allah, murna ce ta yi mani yawa har tana neman rushe mani gida. Na san baƙin ciki ne ke sa mutane su rubuto maki. Ni kuwa ko yanzu da nake riƙe da alƙalamin nan bakina ya ƙi rufuwa, alhali maiɗakina tana can ciki ta juya mani baya. Ki yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koye shi. Ita ce ta saba gyara mani, yau kuwa ba halin in kai mata.

Ni mutumin Jibiya ne, direba, ina da gingimari tawa ta kaina. Ina jigila tsakanin Katsina da Jibiya da Maraɗi. Tun da arzikin man fetur ya shigo ƙasar nan ba mu huta ba: siminti, kwanon rufi, sukari, atamfa, in mun juyo kuma wake da fatu. Alhamdu lillahi, ba ni da abin da zan ce wa Allah sai godiya.

Matata, mu ce sunanta Safiyatu. Ba shi ne na gaskiya ba, ko da yake ɓoyewar ba ta da wani amfani, don mata nawa ne suka gama jami'a a garin namu? 'Yar Daddara ce, mahaifinta malamin gona ne. Ta yi digirinta a Zariya kan ilimin tsirrai, yanzu tana koyarwa. Yadda muka haɗu ma abin dariya ne. Motar da ta ɗauko su daga Katsina ce ta mutu a hanya da damina, na tsaya na kwashe su. Akwatin littattafanta ya fi buhun siminti nauyi. Tun daga nan har Jibiya tana nuna mani gonakin bakin hanya tana gaya mani abin da ya sa wannan gero ya yi kore wancan ya yi rawaya. Ni da na tashi cikin gero ban san yana da labari haka ba. Mutane sun ce auren direba da mai digiri ba zai ga shekara ba. To, ga ɗiyarmu Lantana nan an yaye ta, tana gudu tana ɓarna.

Kwanakin baya yayanta Malam Maharazu, wanda ke aiki a gonar gwaji ta jami'a, ya zo mana da saƙon tsohon malaminta. Wai gwamnati ta buɗe guraben karatun digiri na biyu a Amurka, kyauta, kuma masu nema daga ɓangarenmu ba su da yawa, malamin kuwa ya ba da sunanta. Sharaɗi ɗaya ne: sai ta ci wata jarrabawa da jami'o'in can ke nema. Akwai kalmomin Turanci a ciki waɗanda ko Baturen sai ya sosa ƙeya, akwai lissafi, kuma duk da agogo ake yi, ana cike 'yan ƙananan da'irori da fensir.

Hajiya, ba son yawo ke gare ta ba. Tun shekarar farin nan da mutanen tsallaken iyaka suka kwararo mana ba ko akuya, suka zube bayan tasha da 'ya'yansu, take maganar geron da zai jure ƙarancin ruwa. Ta ga rumbun mahaifinta wayam a shekarar, shi da yake koya wa mutane noma. Wannan abu take son ta je ta karanto.

Muka tafi Zariya tare don ta ga yadda ake shiri. Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Laburare kaɗai bene ne guda. Akwai littattafan tsofaffin tambayoyin jarrabawar, ba a fita da su, sai dai ka zauna nan ka karanta ka mayar. Akwai ofis da aka ware don ba da shawara ga masu neman karatu a ƙasar waje. Akwai wani ɗaki cike da rikoda, mutum ya kifa wani abu a kunnuwansa ya saurari Turancin Amurkawa, don an ce ta hanci suke yin shi. Akwai ƙananan malamai da su ma jarrabawar za su zauna, suna haɗuwa bayan la'asar suna bita tare. Wani malamin lissafi, Ba'indiye, yana yi masu jarrabawar gwaji duk Asabar, da agogo a kan tebur. Har ɗaki aka ce za a ba ta a ɓangaren mata idan ɗalibai sun tafi dogon hutu, tunda tsohuwar ɗaliba ce. Duk wannan ba a karɓar komai.

Ni dai ina waje ina jiran ta, gingimarita a tsakiyar motocin malamai kamar raƙumi cikin tumaki. Can sai ga ta ta fito tare da waɗansu masu kwat, suna ta zuba Turanci, tana wata irin dariya da ban san tana da ita ba. Wani abu ya ɗan soke ni a ƙirji, amma na ce yunwa ce, na je na sayi tsire.

A hanyar dawowa ta roƙe ni abu ɗaya: kada in gaya wa kowa sai ta ci. Na yi alkawari, har da rantsuwa. Kuma Allah ya sani na riƙe shi, har zuwa lodina na gaba. Muna layi a shingen kwastan, abokina Sha'ibu, wani direba mutumin Maraɗi, ya gan ni ina murmushi ni kaɗai a bayan sitiyari, ya ce ko aljanu sun shafe ni. Shi kaɗai na gaya wa. Sai dai na ɗan ƙara gishiri, domin Malam Maharazu ya ce bayan digiri na biyu akwai na uku, wanda ya yi shi kuma dokta ake ce mashi. Sai na tsallake na biyun na tafi kai tsaye ga na ukun.

Kafin in isa garin Ɗan Isa da ke tsallaken iyaka labarin ya riga ni. Wani jandarma, ɗan sandan Nijar, da bai taɓa yi mani murmushi ba ya sara mani. A tashar Maraɗi masu fura suna ta kiran Mijin Dokta, ina waige-waige ina neman ko wane ne, ashe ni ne. Hajiya, sunan nan ya yi mani daɗi, ba zan ɓoye maki ba. Ya zauna mani kamar rigar da aka ɗinka don ni. Ban baro Maraɗi ba sai da na sa mai fenti ya rubuta shi a goshin mota da jan fenti, da manyan baƙaƙe, har ya ƙara fulawoyi a gefe. Na shiga kasuwar gwanjo na saya mata wata ƙatuwar rigar sanyi da 'yan Nijar ke kira manto, a tsakiyar bazara, mai sayarwa yana kallona kamar mahaukaci. Na haɗa da akwati mai maɓalli biyu. Da muka je wani biki a Riko, maroƙi ya ɗauko kirarin Dokta ɗiyar malamin gona, ban san lokacin da na tuɓe babbar rigata na yafa mashi ba.

Daga nan gida ya zama asibiti. Wata tsohuwa ta taso tun daga Gangara da kumburarriyar gwiwa wai Dokta ta duba ta. Masu goyo suna zuwa da tarin yara. Safiyatu tana ta bayani cewa ita ba likita ba ce, tsirrai ta karanta, kuma ko jarrabawar ba ta zauna ba. Washegari sai ga wani dattijo da reshen mangwaro mai ciwo, ya ce to, ga nata majinyacin ya kawo. Ni dariya na yi ta yi har da riƙe ciki. Ban lura ita ba ta yi ba.

Abin da ya ƙarasa ɓata lamarin shi ne gwajin da ta yi wa kanta. Malam Maharazu ya kwafo mata waɗansu tambayoyi daga littafin laburare, ta ɗauko agogon tebur ta zauna. Lokaci ya ƙare ba ta kai rabin lissafin ba. Ta ce rabonta da irin wannan lissafi tun tana sakandare. Ta kifa kai a tebur ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago sai ta ce ta fasa, ba za ta Zariya ba, ba za ta zauna jarrabawa ba. Ta ce da can in ta faɗi daga ita sai ni sai Allah, yanzu kuwa ƙasa biyu ce za ta ji. Ni kuma, saboda yadda ta faɗi abin ya ba ni dariya, sai na dara. Tun ranar daga gaisuwa sai ajiye abinci.

Na yi ta tunani a bisa hanya, ga dabarun da suka zo mani. Zan iya gina mata ɗaki a cikin gida, in sa fanka, in sayo rikoda, in aika Kano ko Ikko a nemo littattafan, in ya so in riƙa aika mota tana ɗauko Ba'indiyen nan duk Asabar. Ta yi karatunta a ɓoye, kusa da ni, ba sai ta je ta zauna cikin masu kwat ba. Wannan ita ce ta fi kwanta mani a rai. Ko kuwa in baza a gari cewa gwamnati ta soke guraben, mutane su manta, ita kuma ta zauna jarrabawar a asirce. Ko in je Daddara in sa mahaifinta ya umarce ta, don ba ta taɓa tsallake maganarshi ba. Sha'ibu shi cewa yake in bar kaza cikin gashinta, wai matar da ta je Amurka ba ta dawowa ta tuƙa tuwo. Mahaifiyata kuwa ta ce ita ba ruwanta, a kawo mata Lantana ta riƙe, kowa ya je ya yi abin da ke gabanshi.

Dogon hutu ya ƙarato, kuma an ce in ba ta zo ba za a ba wata ɗakin. Hajiya, me zan yi? Ina son ta je. Wallahi ina so. In na tuna cewa matata, uwar Lantana, za ta hau jirgin sama ta je ta karanto gero a ƙasar Turawa, sai in ji kamar in tsayar da mota in sauko in yi rawa a bakin titi. Sau ɗaya ma na yi.

Naki mai jiran amsa,
Mai Gingimari, Jibiya.

*

Malam Mai Gingimari,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta sa ni dariya har na kai wurin da matarka ta kifa kai a tebur. Daga nan ban ƙara ba.

Bari in fara da yaba maka, domin ka cancanta. Wasiƙun da na saba samu a kan karatun mata, na waɗanda ake neman hanawa ne. Mijin da zai sauko daga mota ya yi rawa don matarsa za ta ƙaro ilimi ba kullum ake samun sa ba. Kada wani ya kashe maka wannan murna. Amma ka riga malam masallaci, kuma ka karya alkawari. Abu ɗaya ta roƙe ka. Kai ka kwashi daɗin sunan, ita ka bar ta da nauyinsa, domin ranar jarrabawa ba kai za ka riƙe fensir ba.

Ita ma tana da nata kuskuren, kuma ka iya karanta mata wannan. Gwaji ɗaya a gida, ita kaɗai, da zuciya a dagule, ba ma'auni ba ne. Irin wannan jarrabawa sauri take nema da sabo, ba zurfin ilimi kaɗai ba. Lokacin da na yi shirin kwas ɗina na ƙasar waje, babu wanda ya gama gwajin farko a cikinmu, har da waɗanda suka zo suka yi fice daga baya. Wadda ta ci digiri a kimiyya ba lissafin sakandare ne zai gagare ta ba, tsatsa kawai ya yi. Abin da ya same ta a teburin nan shi ne ainihin dalilin da ya sa jami'a ta tanadi duk abubuwan da ka lissafa.

Dabarunka uku kuwa, ka ajiye su duka. Ƙarya ba ta gyara surutu, sai dai ta ƙara masa kwana. Mahaifinta zai iya sa ta shiga mota, amma ba zai iya sa karatu ya shiga kanta ba, kuma ba za ta manta cewa ka kai ƙararta ba. Ɗakin da kake son ginawa shi ne na fi so mu tsaya a kansa. Rikoda ana saye, wataƙila littafin ma a samu. Abin da ba a saye shi ne abokan bita. A jami'a za ta zauna cikin mutanen da su ma agogo ke kayar da su duk Asabar, su yi wa juna dariya, su sake gwadawa. A can ba wanda zai kira ta Dokta, ba mai kawo mata gwiwa. Wurin da take gudu shi ne wuri ɗaya da zai sauke mata kayan da ka ɗora mata.

Kuma, ɗana, abin da ya soke ka a ƙirji ranar nan ba yunwa ba ce. Ka ga matarka a cikin wata duniya da ba ka da kujera a cikinta, ka tsorata. Ba abin kunya ba ne, duk mai son mutum yana jin haka. Ina ma zaton shi ya sa sunan nan ya yi maka daɗi fiye da kima, tunda ya ɗaure ka da ita duk inda za ta. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: ɗakin nan don ita ne, ko don kai? Sa'an nan ka gaya mata tsoronka da bakinka. Ita ce kaɗai mai maganinsa, kuma mai yiwuwa tana da irinsa game da barin ka da barin 'yarta. Maganar Sha'ibu kuwa, shi da ya kasa riƙe sirri daga shinge zuwa shinge, ba shi ne zai faɗa maka halin matarka ba.

Ga abin da za ka yi. Ka fara zuwa wurin mai fenti ya goge sunan nan daga goshin mota kafin ka buɗe baki, ta ga aiki kafin ta ji magana. Ka ba ta haƙuri hannu rabbana, ba tsaraba, ba raha. Rigar sanyi da akwati a sa musu kafur a kai ɗakin mahaifiyarka. Bakin nan da ya baza labari a ƙasa biyu, shi za ka sa ya gyara shi. Duk wanda ya kira ka da sunan, ka ce masa kai ne ka yi azarɓaɓi, jarrabawa ce mai wuya, manyan malamai ma suna faɗuwa su sake. Za a yi maka dariya a tasha. Ka ɗauka, domin duk dariyar da ta sauka a kanka ta rage wadda take tsoro.

Bayan haka kada ka roƙe ta ta zauna jarrabawa. Ka roƙe ta hutun nan kawai. Ta je ta karɓi ɗakinta, ta kai wa malamin lissafin takardar nan da ta kasa gamawa ba tare da jin kunya ba, don ya ga inda za a fara. Ta koyi tsallake tambayar da ta cije ta dawo mata daga baya, domin a nan yawancin mutane ke ɓarnar lokaci. Ta riƙa tsintar kalmomi kaɗan-kaɗan kullum, ta riƙa shiga ɗakin rikoda, kada kuma ta yi fashin gwajin Asabar. A ofishin shawara ta tambayi ko ana iya sake zama in ba a dace ba, da kuma abin da aka tanada game da iyalin mai aure. Ku ji daga bakinsu, kada ku yi ta ƙiyasi. Idan hutu ya ƙare, ita za ta yanke. In ta ce ta fasa bayan ta gwada da gaske, ka karɓa da hannu biyu, ba ta rage komai ba. Ka riƙa kai mata Lantana in hanya ta bi da kai, kuma wannan karon ka shiga ciki ka gaisa da abokan karatunta. Za ka tarar yawancinsu 'ya'yan manoma ne da suka ari kwat.

Abu na ƙarshe shi ne mafi wuya ga mutum irinka. Ranar da sakamako ya fito, kafin ta tuna da Jibiya ko Maraɗi, fuskarka za ta fara duba. Ka fara koya wa fuskar nan tun yanzu yadda za ta tarbe ta da fara'a iri ɗaya, ko ta ci ko ba ta ci ba. Ita ce taka jarrabawar, kuma babu malamin da zai yi maka bita.

Allah ya buɗe mata ƙwaƙwalwa, ya raya Lantana, ya kiyaye ka a bisa hanya, ya bar ku tare cikin alheri.

Hajiya Luba